Tarihin Sa Ido a Kan Na'urorin Watsa Sauti na Rediyo Masu Zaman Kansu a Birnin Kano

BABI NA BIYU

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan tarihin yadda hukuma take sa ido a kan na'urorin watsa sauti na rediyo waɗanda ba mallakarta ba, tun daga zamanin Turawan mulkin mallaka har zuwa lokacin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano. Abin da ake nufi da na'urar watsa sauti, wadda ma'aikatan rediyo suke kira tiransimita, shi ne injin da yake ɗaukar murya ya tura ta cikin iska ta hanyar eriya, har ta isa akwatin mai sauraro. Akwatin rediyo karɓa kawai yake yi, ita kuwa tiransimita aikawa take yi, don haka a kanta ne doka ta fi tsanantawa. An ɗauki unguwar Madabo a matsayin madubi domin ta daɗe tana da nata tsarin bayar da izinin magana a gaban jama'a, wanda zai taimaka wajen fahimtar abin da lasisin rediyo ya zo da shi.

2.1 Madabo da Izinin Magana Kafin Zuwan Rediyo

Madabo tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwar birnin Kano, kuma ta shahara da karatun fiƙihun Malikiyya. Ana danganta asalin makarantarta da Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Shehu Abdurrahman Zaite. Littafin Tarihin Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, shi kuwa littafin Asalin Wangarawa ya sanya zuwan a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wato 1463 zuwa 1499. Ko wanne aka ɗauka, makarantar ta shafe ɗaruruwan shekaru, kuma shugabanta shi ake kira Babban Malami na Madabo.

A irin wannan tsari ɗalibi ba ya zama ya fara karantar da littafi sai malaminsa ya ba shi izini, shi ma malamin daga nasa malamin ya karɓa. Idan mai karantarwa ya yi kuskure, an san wanda ya ba shi izini, an kuma san inda za a kai ƙara. Ta ɓangaren sarauta kuwa, saƙon Sarki yana bi ta hannun hakimai da masu unguwanni da masu shela, kuma babu mai yin shela a kasuwa da sunan hukuma ba tare da an aike shi ba. Ke nan izinin magana iri biyu ne, na ilimi da na sarauta, kuma duka biyun mutum ake ba wa, bayan an san shi an san asalinsa.

Haka kuma muryar ɗan Adam tana da iyaka. Ko saɓanin da ya auku a farkon rabin ƙarni na ashirin tsakanin malaman Madabo da Malam Muhammadu Salga, a kan wasu al'adu da suka shafi jana'iza da sadakar mamaci, ya gudana ne a zaurukan karatu da kuma rubuce-rubuce. Magana takan ɗauki kwanaki kafin ta zaga gari, wanda aka soka kuma yana da lokacin da zai mayar da martani. Rediyo ne ya kawar da wannan iyaka, domin mutum ɗaya yana iya shiga dubban gidaje a lokaci guda. Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, to wadda ta bi iska ta fi kowace wuyar mayarwa.

2.2 Asalin Lasisin Tiransimita a Duniya

Tun kafin rediyo ya iso Nijeriya ƙasashen Turai sun fahimci cewa iskar da saƙo yake bi ba ta ɗaukar kowa da kowa a lokaci guda. Idan na'urori biyu suna aikawa a kan mita ɗaya a yanki ɗaya, sai sautinsu ya cakuɗe, a rasa mai jin wani. Saboda haka a shekarar 1904 Ingila ta kafa dokar da ta hana kowa girka na'urar aika saƙo ta iska sai da lasisin shugaban gidan waya. A 1906 aka yi taron ƙasashe a Balin ta Jamus a kan wannan batu. Nitsewar jirgin ruwan Titanic a 1912 ta ƙara nuna muhimmancin tsara hanyoyin saƙo a lokacin neman agaji, kuma a shekarar ne Amurka ta wajabta lasisi ga masu na'urorin aikawa. A taron Madrid na 1932 aka haɗa dokokin tangaraho da na rediyo ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, wadda Nijeriya ta shiga a 1961. Alamar kiran da aka ware wa tashoshin Nijeriya tana farawa ne da 5N ko 5O.

Daga waɗannan dokoki ne aka sami ƙa'idojin da ake bi har yau. Mai lasisi shi ke ɗauke da alhakin duk abin da ya fita daga na'urarsa, ko da wani ne ya yi maganar. Wajibi ne ya tsaya a kan mitar da aka ba shi da ƙarfin da aka ƙayyade masa da wurin da aka amince ya kafa turken eriya. Wajibi ne kuma a sami wani ma'aikaci da yake iya kashe na'urar nan take idan buƙata ta taso, sannan ƙofa ta kasance a buɗe ga jami'an da za su zo dubawa.

2.3 Zamanin Turawa: 1935 Zuwa 1960

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar saƙon iska a Nijeriya a 1935, kuma a shekarar ne aka fara rediyon waya a Ikko ƙarƙashin Ma'aikatar Gidan Waya da Tangaraho. Ibadan ta samu a 1939, Kano kuma a 1944. Yadda abin yake shi ne, tashar gwamnati ce take kamo shirye-shiryen BBC daga Landan, ta haɗa da wasu na gida, sannan ta tura su ta waya zuwa akwatunan da aka rataya a gidajen masu biyan kuɗin haya da wuraren taruwar jama'a. Mai akwati ba shi da zaɓin tasha, iyakarsa ya ƙara murya ko ya rage ko ya kashe. Don haka a wannan mataki sa ido bai zama matsala ba, tun da tushen sautin da wayar da akwatin duk a hannun hukuma suke.

A 1951 aka kafa sashen watsa labarai na gwamnati, NBS, wanda a watan Afrilu na 1957 ya koma hukuma mai cin gashin kanta. A wannan lokaci jam'iyyar adawa irin su NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, sai ta nemi izinin En'e kafin ta yi lacca a fili, balle a yi maganar mallakar tiransimita. Ko Cif Obafemi Awolowo, da Gwamna Macpherson ya soke shi ta rediyo a 1953, bai sami damar mayar da martani ta wannan kafa ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tsarin mulkin 1954 ya ba gwamnatocin jihohi ikon kafa nasu gidajen. Jihar Yamma ta buɗe nata a 1959, ita kuwa Jihar Arewa ta buɗe gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a watan Maris na 1962.

2.4 Daga Samun Mulkin Kai Zuwa 1992

Bayan samun mulkin kai majalisa ta sake dokar saƙon iska a 1961, inda ta tabbatar da cewa babu mai kafa tasha ko amfani da na'urar aikawa sai da lasisi. A wannan zamani ne ƙananan akwatuna masu aiki da batir suka yaɗu, mai sauraro a Madabo ko Fagge ya sami damar murɗa akwatinsa ya kamo Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, ko na Jamus, ko na Masar, ko Muryar Amurka da ta fara Hausa a 1979. Da yake hukuma ta rasa iko a kan abin da kunne yake karɓa, sai ta ƙara riƙe ɓangaren aikawa da kyau.

Abubuwan da suka faru a siyasa sun ƙara mata dalili. A ranar 15 ga Janairu, 1966, Manjo Nzeogwu ya yi jawabin juyin mulki ta Rediyon Kaduna. A ranar 13 ga Fabrairu, 1976, da aka kashe Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano wanda shi kansa jami'in sadarwar soja ne kuma ya taɓa riƙe Ma'aikatar Sadarwa, Laftanar Kanar Dimka gidan rediyon Ikko ya nufa. Haka Manjo Orkar ya yi a ranar 22 ga Afrilu, 1990. A Kano kuma, a tarzomar 10 ga Yuli, 1981, wadda ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, gidan Rediyon Kano na cikin wuraren da aka ƙona. Duk wannan ya sa mahukunta suka ɗauki tiransimita tamkar makami.

Doka ma ta bi wannan fahimta. Gyaran da ya haifar da FRCN a 1978 ya keɓe wa Gwamnatin Tarayya gajeren zango, ya bar wa jihohi matsakaicin zango wanda ba ya cin nisa sosai. Tsarin mulkin 1979, a sashe na 36, ya hana kowa mallakar gidan rediyo ko talabijin in ba Gwamnatin Tarayya ko ta jiha ko wanda Shugaban Ƙasa ya amince masa ba. Saboda haka tiransimitar da ɗan kasuwa yake iya samu a wancan lokaci ita ce ta oba-oba, wadda kamfanonin gine-gine da na sufuri da masana'antu suke amfani da ita tsakanin ofis da ma'aikatan da suke nesa, saboda ƙarancin layukan tarho. Ita ma sai da lasisin Ma'aikatar Sadarwa, kuma don harkokin mai lasisin kawai aka yarda a yi amfani da ita, ban da watsa wa jama'a labari.

2.5 Dokar 1992 da Rabon Aikin Sa Ido

A ranar 24 ga Agusta, 1992, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka ta 38, wadda ta haifar da Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, wato NBC, Dokta Tom Adaba kuma ya zama shugabanta na farko. A shekarar ne kuma Doka ta 75 ta kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC. Gidan Raypower na Ikko ya fara aiki a 1994 a matsayin gidan rediyo mai zaman kansa na farko. An yi wa dokar NBC gyara a 1999, aka faɗaɗa ikonta, sannan dokar sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da take raba mitoci tsakanin hukumomi. A ƙarƙashin wannan rabo NBC ce take kula da masu watsa shirye-shirye, NCC tana kula da kamfanonin tarho da sauran masu sayar da hidimar sadarwa, ma'aikatar tarayya kuma tana kula da masu amfani da mita ba don kasuwanci ba. Ma'aikatar ta kafa tashoshin sauraron iska a Azare da Gusau da Ipaja da Ogoja domin gano masu aikawa ba bisa ƙa'ida ba.

Sa idon da ake yi wa gidan rediyo kashi biyu ne. Na farko ya shafi injin kansa: mita da ƙarfi da wurin turke. Muhimmancin wannan a Kano a fili yake, domin zangon FM ya ƙare ne a kan 108, daga nan kuma zangon jiragen sama ya fara. Tiransimitar da ta lalace ko aka ƙara mata ƙarfi fiye da kima tana iya shiga maganar matuƙin jirgi da hasumiyar filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Kashi na biyu ya shafi abin da ake faɗa, wanda kundin ƙa'idojin NBC ya tsara tun daga 1993. A nan ne aka wajabta wa gidaje ajiye rikodin shirye-shiryensu na wani ƙayyadadden lokaci, domin ya zama hujja idan an kawo ƙara.

Akwai sashe ɗaya na dokar da ya shafi unguwa irin Madabo kai tsaye, wato sashe na 10, wanda ya hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Ma'anar wannan ita ce, makarantar ilimi komai daɗewarta ba za ta mallaki tiransimita da sunanta ba. Malamin da yake son karatunsa ko tafsirinsa ya shiga iska sai ya bi ta gidan da yake da lasisi, ko gidan ya gayyace shi, ko wani ya ɗauki nauyin shirin. Ta haka ma'aunin ya sauya, domin gidan rediyo ba ya tambayar wane ne ya ba mai magana izinin karantarwa, abin da yake dubawa shi ne kuɗin fili da ƙa'idar hukuma. Idan kuma maganar ta jawo fitina, lasisin gidan ne yake cikin haɗari.

2.6 Gidaje Masu Zaman Kansu a Kano da Hukunce-hukuncen da Aka Yi

Gidan Rediyon Freedom ya fara aiki a Sharaɗa a watan Disamba na 2003 a kan mita 99.5, kuma shirye-shirye irin su Kowane Gauta da Inda Ranka suka ba talakawa da 'yan siyasa damar da ba su saba samu a gidajen gwamnati ba. Daga baya wasu gidajen suka biyo, kamar Rahama da Dala da Wazobia da Express da Arewa.

Ba a daɗe ba aka fara gwada ƙarfin lasisin. A ƙarshen watan Maris na 2006, lokacin da ake ta muhawara a kan tazarcen Shugaba Obasanjo, NBC ta hana gidan Freedom watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, ta kuma ci shi tarar naira 200,000, bisa zargin cewa shirye-shiryensa na siyasa sun saɓa ƙa'ida. Waɗannan sa'o'i su ne lokacin da aka fi sauraro, don haka hukuncin ya taɓa gidan ta fuskar masu sauraro da ta kuɗin talla.

Misali na biyu ya fi nauyi. A ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafin shan inna a wasu cibiyoyi biyu a Kano, kwanaki kaɗan bayan shirin Sandar Girma na gidan Wazobia ya yi magana a kan rigakafin. An kama wasu ma'aikatan gidan, sannan a cikin watan NBC ta dakatar da lasisinsa. Masu goyon bayan matakin sun ce rayuka aka rasa, kuma wanda yake riƙe da tiransimita bai kamata ya bar kowace magana ta wuce ba. Masu sukarsa kuma sun ce an rufe gidan tun kafin kotu ta tabbatar da wata alaƙa tsakanin shirin da kisan.

Wannan tambaya ta ƙarshe, wato wane ne yake da ikon hukunci, ta ci gaba da tasowa. A watan Agusta na 2022 NBC ta ba da sanarwar soke lasisin gidaje 52 a faɗin ƙasa saboda bashin kuɗin sabuntawa, daga baya ta jingine matakin. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin tara. A watan Mayu na 2025 gwamnatin Jihar Kano ta ba da sanarwar hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, abin da ya jawo suka daga ƙungiyoyin 'yan jarida. A watan Agusta na shekarar, da Gwamnan Jihar Neja ya ba da umarnin rufe gidan Badeggi da ke Minna, Ministan Watsa Labarai ya tunatar da cewa NBC ce kaɗai doka ta ba ikon dakatar da lasisi.

A ɗaya ɓangaren kuma fasaha ta buɗe wasu ƙofofin da lasisi bai rufe ba. Tun a 1996 Rediyo Kudirat ya riƙa watsa adawa da gwamnatin Janar Abacha daga ƙasashen waje ta gajeren zango. Bayan zuwan wayar salula a 2001, kowane mai waya ya zama yana ɗauke da ƙaramar tiransimita a aljihu, lasisinta kuma yana hannun kamfanin layi. Shi ya sa da gwamnati ta so katse sadarwar 'yan bindiga a Zamfara a watan Satumba na 2021, kamfanonin NCC ta umarta su kashe turakunsu, jama'ar jihar baki ɗaya suka rasa layi. A yau kuma malami ko ɗan siyasa yana iya watsa maganarsa kai tsaye ta Facebook ba tare da ya bi ta kowane gidan rediyo ba.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kafin zuwan rediyo izinin magana a birnin Kano mutum ake ba wa, ta hannun malami kamar yadda ake yi a Madabo, ko ta hannun sarauta. Dokokin 1935 da 1961 sun mayar da izinin kan na'ura, gwamnati kuma ta riƙe na'urar ita kaɗai har zuwa 1992. An kuma ga cewa lasisi yana da dalili na fasaha wanda babu mai jayayya a kansa, wato hana mitoci cakuɗewa da kare zangon jiragen sama. Sai dai manyan hukunce-hukuncen da aka yi wa gidajen Kano a 2006 da 2013 duk a kan abin da aka faɗa ne, babu wanda ya shafi lalacewar inji ko ƙetare mita. Wannan ya nuna cewa ikon kashe tiransimita, wanda aka tanada don tsaron iska, shi ne kuma ake amfani da shi wajen hukunta magana. Matuƙar hukumar da take ba da lasisi ita ce mai tuhuma kuma ita ce mai hukunci, gidajen rediyo za su riƙa auna fushin mahukunta kafin su ba wani fili, mai sauraro kuma shi zai rasa abin da ya kamata ya ji. Idan kuwa aka saki iska babu mai ɗaukar alhaki, abin da ya faru a 2013 ya isa gargaɗi. Babi na gaba zai duba yadda mazauna Madabo, musamman malamai da ɗalibansu, suke hulɗa da waɗannan gidaje a matsayin masu sauraro da kuma masu gabatar da karatu.